Dariyar Baba a Cikin Faifai

Babana bai taɓa yin dariya a hoto ba sai sau ɗaya, shi ma ba da son ransa ba. Mutum ne da ya yi aikin gwamnati tun yana saurayi har ya yi furfura, a wurinsa kuma hoto abin ofis ne: a gyara hula, a haɗe gira, a dubi gaba. A gida yana da dariya, mai ƙarfi ma, har kafaɗunsa su riƙa rawa. Amma wannan tamu ce mu da Inna, ko zaure ba ya fita da ita.

A shekarun da sojoji suka koma bariki, sabuwar gwamnati ta ce za ta tantance 'yan fansho, kowa ya kawo ƙaramin hotonsa. Inna ta kifa kwando a kan kasko, ta turara wa Baba babbar rigarsa kamar yadda ta saba, don tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa ƙetare ƙofar gida da tufar da ba ta sha turare ba. Ya tafi wurin mai hoton unguwarmu a Ƙofar Kwaya. Ɗaukar farko ya ƙifta ido. Ana shirin ta biyu sai wani abokinsa da ke zaune a benci ya ce masa in gwamnati ta ga wannan fuskar za ta ɗauka shi ne ya zo tantance ta. Dariya ta ƙwace wa Baba daidai lokacin da mai hoto ya danna. Sai a ta uku aka samu abin da yake so. Da aka wanke, mai hoton ya haɗo masa da biyun da suka lalace, Baba ya dawo gida ya jefa min su a cinya ya ce in zubar.

Lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu, bai fi tafiyar ƙafa daga gidanmu ba. Mai shagon wani Alhaji ne da Baba ya samo wa aikin masinja a ofishinsu tun yana ɗan ƙauye mai riga ɗaya. Ya ci tuwon gidanmu har ya san kwanon da yake nasa. Daga baya ya bar aikin gwamnati ya faɗa kwangila, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, ya koma GRA da zama. Ɗiyata yake ce min, in ya zo shago kuma sai ya fara tambayar lafiyar Malam da ta Hajiya da ta kowa har akuyar gidanmu kafin ya tambayi ciniki. A shagon akwai kwamfuta ɗaya, da firinta mai baƙin tawada, da injin kwafi, da tsohuwar tafireta, da sikana, na'urar shigar da hoton takarda cikin kwamfuta, da ba a cika amfani da ita ba.

A cikin kwamfutar akwai wani firogiram na gyaran hoto da wanda ya haɗa mana ita ya zuba, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ranakun da aka samu wuta amma ba a samu ciniki ba sai in zauna ina lalube. Na fara da sauya bayan hoto daga ja zuwa fari. Daga nan na gano ana iya ɗora hoto a kan hoto, kowanne a shimfiɗarsa, kamar yadda nake jera takarda da kabon a tafireta. In ka ce wa firogiram ɗin ya nuna na farko ya ɓoye saura, sannan ya nuna na biyu, sannan na uku, ka kuma gaya masa tsawon lokacin da kowanne zai tsaya, sai hoton ya motsa. Akwai wani ɗan wuri da ake zaɓar ko ya yi sau ɗaya ya tsaya, ko ya yi ta maimaitawa ba iyaka. Irin wannan hoton gif ake ce masa. Ba fim ba ne, ba shi da murya, launukansa ma kaɗan ne, kuma dole a ƙanƙanta shi in ana so ya yi tafiya ba gargada. Na gwada da tauraro mai walƙiya, na gwada da sunan shagonmu yana bayyana yana ɓacewa. Sai na tuna da hotunan Baba da ban zubar ba, na roƙi na ukun a hannunsa, na sa su duka a sikana.

Wahalar tana wajen daidaitawa. Baba ya ɗan karkata a hoton dariyar, in na jera su haka nan sai kansa ya riƙa tsalle. Sai na rage kaurin na sama har ina hango na ƙasa ta cikinsa, na riƙa turawa kaɗan-kaɗan har kunne ya hau kunne, ɗinkin hula ya hau ɗinkin hula. Tsawon lokacin kowane hoto ma sai da na yi ta gwaji. In na gaggauta sai ka ce ƙuda ne ya dame shi, in na ja da yawa sai a gane hotuna ne kawai ake sauyawa. A ƙarshe na bar haɗe girar ta daɗe, ƙiftawar ta wuce da sauri, dariyar kuma ta tsaya gwargwadon yadda na san yana yin ta a tsakar gida. Da na danna ya fara tafiya, ni kaɗai a shago na yi ta ƙyaƙyata dariya. Ga Baba ya haɗe gira, ya rufe ido kamar zai daure, sai abin ya fi ƙarfinsa ya fashe. Sai ya sake haɗe gira.

Wata rana Baba ya biyo ta shagon daga wurin tantancewar, ransa a ɓace, an sa su layi a rana tun safe sannan aka ce su dawo wani mako. Na ba shi kujera da ruwa, na juya masa kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya wace irin shegantaka ce wannan, yana faɗa yana cije leɓe, kafin in ba shi amsa kafaɗun sun fara rawa. Su biyu suka yi ta dariya, na kan kujera da na cikin gilashi.

Da ya share ido ya ce, “Shi wanga bai gajiya?”

Na ce, “Ba ya gajiya, Baba. Har abada na sa masa.”

Ya ce, “To ki bar shi nan. Ran da na ɓata rai gida, ki ce ma uwarki ta zo nan ta gan shi.”

Da yamma ya ba Inna labari da kansa, yana kwaikwayon ƙiftawar. Na ce ta shirya gobe mu je ta gani. Inna ta dube ni ta dube shi, ta ce mutumin da take gani safe da yamma, har ta gaji da ganinsa, shi za ta ɗauki mayafi ta tafi kallo a cikin akwati? Muka yi dariya aka bar maganar. Hotunan uku ta karɓe su ta sa a album ɗin gida.

Damina ba ta fita ba Baba ya kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, ya sauka a ƙirji, kafin mu gama shawarar wane asibiti za a koma ya cika. Fanshon da aka tantance shi dominsa bai ga ko wata ɗaya ba.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya shigo cikin gida. Ƙanen Baba ne, shi ne babba yanzu, kuma mutum ne da ake jin maganarsa a masallacin unguwa. Ya sauke hoton Baba na jikin bango, ya ce a miƙo masa album. Ya ce hoto a ɗaki yana hana mala'iku shiga, yana kuma hana hawayen mai takaba bushewa, mamaci kuwa addu'a yake buƙata. Inna tana zaune a tabarma, ba kwalli ba ɗan kunne, da 'yar wuƙar da tsofaffi suka ba ta ta riƙe, ba ta ɗago kai ba. Ni ce na yi magana, na ce ko ɗaya ne a bar mata. Ya ce boko ya sa bakina ya yi tsawo. Ya naɗe su a cikin rigarsa ya fita, har yau ban san ko ƙonawa ya yi ko binnewa ba. Ba zan ce mugunta ce ta sa shi ba, an ce a maƙabarta sai da aka riƙe shi. Amma ban yafe wannan ranar ba, ba zan kuma yi ƙaryar na yafe ba.

Ana cikin watan farko na takaba, wata rana da hantsi ina tsince shinkafa kusa da ita, Inna ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, “Wancan abin na akwatinku, shina nan?”

Na ce yana nan.

Ta ce, “Har yanzu shina dariyar?”

Na ce har yanzu. Ta ci gaba da jan carbinta. Daga ranar ban da wani buri a duniya sai Inna ta ga wannan hoton. Ita ba ta fita, don a gidanmu mai takaba ko zaure ba ta leƙawa. Shi kuma ba ya fitowa daga kwamfuta.

Na fara da abin da ya fi sauƙi, na buga hoton dariyar a firintarmu na ɓoye shi a jaka na kawo mata. Ƙaramin hoto ne da aka rage wa launi, da ya hau takarda da baƙin tawada sai ya zama dabbare-dabbare, haƙoran ma ba a gane su. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske ta duba, ta miƙo min. Ta ce wannan ba shi ba ne, kuma shi ya ce mata yana motsi.

A daidai wannan lokacin ne siyasa ta kama Alhaji. Zaɓe na biyu tun komawar sojoji bariki na ƙaratowa, duk wanda ya tara 'yan kuɗi sai ya ji talakawa na kiransa. Tun Baba na da rai Alhaji ya ga hoton, ya ce shi ma a yi masa nasa. Aka ɗauko shi hannu a dama, aka ɗauko shi hannu a hagu, na haɗa masa yana ɗaga wa jama'a hannu, sunansa na walƙiya a ƙasa. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Yakan kwaso baƙi ya kawo shago don kawai su ga yana ɗaga musu hannu. Har cewa ya yi a buga masa fasta irin wannan a manna a gari, da na ce takarda ba ta motsi sai ya dube ni kamar ni ce na hana ta.

Na same shi wata rana bayan baƙin sun watse, na durƙusa na ce ina roƙon arziki. Na ce a ba ni aron kwamfutar yini ɗaya, ranar da ba ciniki, in kai ta gida da ƙaramin janareto Inna ta gani, in dawo da ita kafin magariba. Alhaji ya cire tabarau. Ya ce Malam ubansa ne, duk abin da ya zama a duniya Malam ne sila, har muryarsa na rawa. Ya daɗe a kan wannan. Sannan ya ce kwamfuta ba tukunya ba ce da za a riƙa yawo da ita gida-gida, abu kaɗan ke lalata ta. Na ce a kaina zan ɗauke ta in ya so. Sai gaskiyar ta fito.

Ya ce, “Ɗiyata, ki duba mani. Baffanki ya kwashe hotuna, kowa ya sani. A ce ni na aika hoton mamaci shina motsi gidan takaba, ana gobe zaɓe? 'Yan adawa sun samu abin hwaɗi ke nan. Ki yi haƙuri ta hita, ni da kaina zan aiko mota a kawo ta.”

Na yi godiya na tashi, don an koya min yin godiya. A hanya na yi ta tuna kwanon tuwonsa, wani koren kwanon samira mai tsaga a baki.

Abin da na iya yi shi ne na kwafi hoton a disket, ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ake ajiye aiki a cikinsa a wancan zamanin, na kai wa Inna. Ta jujjuya shi a hannu, ta ɗaga shi sama ko za ta hango wani abu. Ta tambaya ko yana ciki, na ce yana ciki, sai dai ba ya ganuwa sai an sa a kwamfuta. Na ce ta kiyaye shi daga ruwa da rana. Ta ɗauko hankicin Baba, wanda ya tsira daga rabon kaya, ta naɗe shi ta sa ƙarƙashin matashinta. Daga baya na taɓa cewa ta ba ni in ƙara kwafa a wani faifan. Ta ce an kwashe mata komai, wannan ma sai an fita da shi? Na bar mata. Hankalina a kwance yake, tunda asalin yana cikin kwamfuta.

Ba a daɗe ba, kwamfutar da ba za ta iya tafiyar lungu uku ba sai ga ta an cusa ta a but ɗin mota, ko tsumma ba a shimfiɗa mata ba, an nufi GRA. Alhaji yana so manyan jam'iyya su ga hannunsa na motsi a falonsa, a kuma riƙa buga wasiƙun kamfe a can. Aka bar ni da tafireta da injin kwafi. A makon nan kuma 'yan kamfe suka zo da bokitin kokon manna takarda suka lulluɓe katangar gidanmu da fastocin Alhaji, daga bakin zaure har kwana. Da izinin Baffa aka yi. Kullum in zan shiga gida sai na ratsa ta tsakanin fuskokin Alhaji, in shiga ɗakin da babu hoton ubana ko ɗaya.

Haka muka yi ta lallaɓawa har ranar fitar takaba ta zo. Tun da sassafe gida ya cika da mata, ana suyar waina ta sadaka, ana wanki, ana yi wa Inna kitso da lalle. Aka hura gawayi a kasko, ƙanshin turaren wuta ya dawo gidan bayan watannin da ba a kunna shi ba. Motar Alhaji ba ta zo ba, ban kuma tsaya jiranta ba. Na bar matan na tafi wani shagon intanet da aka buɗe a cikin gari, na roƙi mai shagon ya keɓe mana kwamfutar da ke can ƙurya bayan la'asar, na gaya masa dalili. Mutumin kirki ne, ya ce ko kwabo ba zai karɓa ba.

Bayan la'asar na ɗauko tasi. Inna ta fito cikin sabuwar atamfa da farin mayafi, rana ta haske mata ido har sai da ta dafa ni. A mota hannunta na kan ƙirji inda ta soke hankicin. Da muka shiga shagon samarin da ke ciki suka gaishe ta, mai shago ya goge mata kujera. Ta zauna ta gyara mayafi kamar wadda za a yi wa baƙo. Sannan ta kwance hankicin ta miƙo min faifan.

Ƙanshin ne ya fara isowa. Da na karɓa sai na ji bai kwanta daidai a tafin hannuna ba, ya ɗan banƙare kamar murfin roba da aka manta kusa da murhu.

Inna ta ce, “Na turara shi tare da kayana. Bai taɓa hita gida ba turare ba, ba yau zai fara ba.”

Tana faɗa tana murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarta tun rasuwar. Da ƙyar faifan ya shiga ramin. Kwamfutar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani, sai ta fito da rubutu cewa ba ta gane abin da aka sa mata ba. Na cire na hura na mayar. Muka koma ta kusa da ita, muka koma ta mai shago. Inna na biye da mu da ido daga kan kujera. Mai shagon ya ɗaga faifan ya shinshina, ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa. Na juya na ce wa Inna kwamfutocin nan ƙanana ne, ba su da ƙarfin buɗe shi, gobe zan je GRA wurin tamu.

Ta ce ba komai, wanda ya jira watanni ai zai jira kwana ɗaya. Ta karɓi faifan ta naɗe.

Washegari na hau acaɓa zuwa gidan Alhaji. Ya samu tikitin jam'iyya, ƙofar gidan cike take da mutane, masu neman aiki da masu neman taki da masu neman a san sun zo. Na zauna ƙarƙashin bishiya tare da su har azahar. Da aka shigar da ni falon, abin da na fara gani shi ne kwamfutarmu a kan teburin gilashi, an ɗora mata furen roba, Alhaji na ciki yana ɗaga hannu. Na ji sanyi a raina. Ko gaisuwar ban gama ba na durƙusa gabanta na buɗe inda nake ajiye aikina.

Ba komai a wurin. Na duba ko'ina, na rubuta sunan da na sa wa hoton na ce ta nemo, ta ce babu. Wani mai kula da takardun kamfe ya matso ya ce ai bairos, cutar kwamfuta, ya kama ta kwanakin baya, aka kira injiniya ya wanke ta tas. Kafin a wanke injiniyan ya tambayi Alhaji abin da za a tsame, Alhaji ya ce hotonsa da wasiƙun jam'iyya.

Alhaji na zaune a doguwar kujera, waya a kunne. Da ya gama ya ce ya ɗauka na kwashe nawa tuntuni. Ya yi salati, ya yi wa Malam addu'a mai tsawo, mutanen falo na amsawa da amin. Sannan ya sassauta murya.

Ya ce, “Ɗiyata, hoto ai ba shi ne mutum ba. Addu'a ita ce gaba da komi.”

A bayansa hannun nan na ta kaiwa dama yana komowa hagu, sunansa na walƙiya. Ni na daidaita wannan hannun, ni na zaɓa masa har abada.

Na ce, “To a goge wancan ma, Alhaji, sai mu bi ka da addu'a.”

Wani ya ce yarinyar nan ba ta da kunya, wani ya ce a yi mata uzuri marainiya ce. Na tashi na fita, ban ƙara taka shagonsa ba. A hanya na biya wurin mai hoto ko yana da fim ɗin da ya ɗauki Baba. Ya ce ba ya ajiye su su wuce damina, fumfuna suke yi, ya daɗe da zubarwa.

Na tarar da Inna a tsakar gida, ta yi wanka, mayafinta a ninke kan cinya, takalmanta a jere gabanta. Tun daga zaure na shirya abin da zan ce. Na ce mata kwamfutar Alhaji ta lalace, amma faifanta lafiyarsa ƙalau, sai dai a jira a samu irin wadda za ta iya buɗe shi. Ta daɗe tana kallona. Ta ce to, yana nan dai ko? Na ce yana nan. Ta ɗauki mayafin ta shiga ɗaki.

Daga nan kowace Juma'a da hantsi, lokacin da ta saba turara wa Baba rigar masallaci, sai ta kifa kwando a kan kasko ta ɗora hankicin da faifan a ciki. Ina gani, ban taɓa hana ta ba. In ta ji wani a dangi ya sayi kwamfuta sai ta ce in je in gwada. In karɓa in fita, in zaga gari, in dawo in ce wannan ma ba ta da ƙarfi. Da shekaru suka ja aka daina yin kwamfuta mai ramin disket gaba ɗaya, ƙaryata ta zama gaskiya ba da taimakona ba. Wayoyi suka zo, jikokinta na nuna mata hotuna masu motsi iri-iri, kyanwa na rawa, jariri na dariya, abin da na kwashe kwanaki ina daidaitawa yanzu yaro na yi da babban yatsa. Takan kalla ta yi murmushi, sannan ta tambaya ko wannan wayar za ta iya buɗe nata.

Alhaji ya ci zaɓensa, ya yi abin da ya yi ya sauka. In muka haɗu a wurin biki ko gaisuwar mutuwa har yanzu yakan nuna ni ga mutane ya ce ɗiyar ubansa ce. Nakan amsa gaisuwar a taƙaice in wuce. Baffa ya riga Inna rasuwa, jikokinsa sun sa hotonsa a wayoyinsu, ba wanda ya ce musu komai. Hoton Baba da ya rage a duniya shi ne na jikin katin fansho, mai haɗe gira, hatimi ya cinye rabin fuskar.

A ciwon da Inna ba ta tashi ba, ta sa na ɗaga matashinta na ciro hankicin. Ta damƙa min shi a hannu ta riƙe.

Ta ce, “Ki aje shi da kyau. In an samu mai buɗe shi, ki duba mani ko shina dariyar har yanzu.”

Na ce zan duba. Ban taɓa gaya mata abin da turaren ya yi ba, ba kuma na nadamar hakan. Faifan yana cikin akwatina, robar ta yi rawaya, ƙanshin ya kama shi har ba ya fita. Ranar Juma'a in na kifa kwando na ɗora rigar maigidana, nakan ɗora hankicin a sama. Ba abin da ya rage a ciki da zafi zai ɓata.